Batura Biyu, Dinamo Ɗaya

A mashigin Quellón, ƙarfe huɗu na asuba,
ruwan sama na bugun rumfar jirgi kamar mai bin bashi.
Babana Eleodoro ya durƙusa a ramin inji,
tocila a baki,
yana zagin wayoyi ɗaya bayan ɗaya.

Batura biyu ke kwance can ƙasa.
Na dama baƙi ne, na dalma da ruwan asid,
sai mutum biyu ke ɗaga shi.
Irinsa ke tada mana inji tun ina firamare.
Duk wata Baba kan kwance murafensa shida,
ya ɗiga masa ruwa kamar mai shayar da majinyaci.

Na hagu shuɗi ne, litiyam,
ƙanena Baltasar ya aiko daga Puerto Montt
da albashinsa na farko a gonar kifi.
Hannu ɗaya ke ɗaukarsa.
Shi aka ba fitilu da rediyo
da na'urar da ke faɗa mana zurfin teku.

Baba ya ce, wuta ai wuta ce.
Ya haɗa su a maɓalli guda, ya murɗa,
ya goge hannu a wando.
Na buɗe baki. Ya dube ni. Na rufe.

Ba mu san abin da suke yi da dare ba.
Ashe shuɗin, ko a kwance, ya fi baƙin tudu,
sai ya dinga tsiyaya cikinsa har gari ya waye,
kyautar da ba a roƙa ba,
ba a kuma gode ba.
Da rana kuwa baƙin kan ci loma loma,
ya ƙoshi a hankali, irin cin dattawa.
Shuɗin ba ya cewa ya isa.
Duk abin da dinamo ta haifa, kawo.
Ta yi zafi, kawo.

Bayan tsibirin Laitec, rana ta tara,
ƙugiyoyi na cikin ruwa,
na ji ƙaurin fenti da jan ƙarfe.
Shuɗin ya cika, ya banko ƙofarsa ba sallama,
maɓallin kuma Baba ya bar shi a gefensa shi kaɗai.
Wutar da ta rasa masauki
ta koma ta cinye uwar da ta haife ta.

Kar ki kashe injin nan, Griselda,
in ji Baba, murya ƙasa ƙasa.
Ko me za a yi, kar ki kashe.
Awa uku muna tafe da rabin kamu,
allurar mita na sauka,
shi yana tuƙi, ni ina ƙirga fitilun gari.

Washegari na sayo sabuwar dinamo
da wani ɗan akwati, bai fi tafin hannu biyu ba.
Na ɗaura shi tsakaninsu.
Dinamo ta ciyar da baƙin,
akwatin ya ɗebi amfiya talatin, ba ƙari,
ya auna wa shuɗin da mudun da ya dace da shi,
da dare kuma ya tsaya a ƙofa, ba shiga ba fita.

Baba ya tambayi kuɗinsa.
Na faɗa.
Ya lissafa shi da kilon kifi,
ya tofa yawu a teku.

Ran Lahadi Baltasar ya bugo waya.
Yana magana kamar ana korarsa,
Baba kuma kalma ɗaya, sai shiru, sai tari.
Ni ke riƙe da wayar a tsakiyar tebur,
ina maimaita wa wannan abin da wancan ya ce.

Yaya batirin? in ji Baltasar.
Baba ya dubi yatsansa da ya ƙone.
Ya ce, yana da kyau.
Ba shi da nauyi.

Daga nan ya tashi ya ɗauki gorar ruwa,
ya sauka mashigi cikin yayyafi.
Yau ɗaya ga wata.